Daga Gidan Matalauta zuwa Gidan Tsofaffi: Yadda Aka Koyi Gane Sakaci

A yau duk ma'aikaciyar da ta kama aiki a gidan kula da tsofaffi a Ingila ko Amurka, tun makon farko ake koya mata abin da idonta zai riƙa nema. Jan tabo a ƙugu ko a dunduniya wanda ko an danna shi ba ya gushewa, leɓe a bushe, rigar da ta fara yi wa mai ita yawa, zarnin fitsari a zanin gado, farcen da ya yi zaƙo-zaƙo, tsoho mai hira da ya koma shiru. Kowace alama tana da takardar da ake rubuta ta da wanda ake kai wa rahoto. Mun saba da wannan tsari har muna ɗauka haka aka taso aka tarar. Alhali shekara ɗari da suka wuce likita zai ratsa ta gaban waɗannan alamu duka ya ce tsufa ne, kuma ba mai ja da shi. Aikin da ya ci wa mutane shekaru masu yawa shi ne raba abu biyu da aka daɗe ana cakuɗawa: abin da shekaru suka yi wa jikin mutum, da abin da rashin kula ya yi masa.

Mu koma Ingila ta 1834. A shekarar aka yi wa dokar matalauta garambawul, aka ce duk mai neman taimakon hukuma ya shiga gidan aikin matalauta. Da gangan aka tsara zaman gidan ya fi rayuwar lebura mafi talauci ƙunci, don kada kowa ya yi marmarinsa. Ana raba miji da mata tun daga bakin ƙofa, a karɓe tufafin mutum a ba shi na gida. Majiya ƙarfi da ake zargi da lalaci aka yi wa wannan tanadi, amma da tafiya ta yi nisa sai gidajen suka cika da waɗanda ba su da inda za su: gajiyayyu, makafi, masu shanyewar jiki, da waɗanda gigin tsufa ya kama. A irin wannan wuri maganar sakaci ba ta ma taso ba, domin ƙuntatawar ita ce manufar. Ko da aka miƙa gidajen ga ƙananan hukumomi a 1930, ginin bai sauya ba, ma'aikatan ba su sauya ba, tsoron da tsofaffi ke yi wa wurin ma yana nan.

A cikin wannan hali wata likita mai suna Marjory Warren ta shigo labarin. A 1935 asibitin West Middlesex da take aiki, a yammacin Landan, ya haɗe da ɗakunan jinyar tsohon gidan matalauta da ke maƙwabtaka da shi, aka ɗora mata alhakin mutum 714 da aka riga aka yanke wa hukuncin cewa ba sa warkewa. Abin da ta yi ba ya buƙatar wata na'ura. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta duba su, kamar yadda ake duba kowane maras lafiya. Sai ta tarar da yawansu ba tsufa ne ya kwantar da su ba, kwanciyar ce ta naƙasa su. An sa mutum a gado saboda ya faɗi ko ya yi zazzaɓi, ba a ƙara tayar da shi ba, gaɓoɓi suka ƙage, nama ya zube, fitsari ya kuɓuce masa, fata ta ɓare. Ta sa aka yi wa bango fenti mai haske, aka ƙara fitilu, aka kafa abin dafawa, aka tayar da mutane suna zama, suna tsayuwa, suna takawa. Mutanen da aka ce sai dai gawarsu ta fita suka koma gidajensu da ƙafafunsu. Ta rubuta abin da ta gani a mujallun likitoci a 1943 da 1946, kuma daga wannan aiki nata fannin likitancin tsofaffi ya kafu a Birtaniya. Mu a wurinmu nan ne mafarin komai, domin ita ce ta nuna da hujja cewa kwancin da ake gani kamar ƙaddara aikin hannun mutane ne.

Wata sabuwar doka a 1948 ta binne dokar matalauta a hukumance. Ministan lafiya Aneurin Bevan ya yi wa Majalisa albishir da ƙananan gidaje na mutum 25 zuwa 30, inda tsoho zai zauna kamar baƙon otal, yana biya daga fanshonsa. Buri ne mai kyau. Sai dai kuɗin gini bai samu ba. A ƙarshen shekarun 1950 wani masanin zamantakewa, Peter Townsend, ya zagaya gidaje 173 a Ingila da Wales, ya fitar da littafinsa The Last Refuge a 1962. Ya tarar dubban tsofaffi suna nan a tsoffin gidajen matalauta da aka sauya wa suna, gadaje a jere a dogon ɗaki, ba labule, ba akwatin ajiye kaya, tufafi na kowa da kowa. Gudummawarsa ita ce ya faɗaɗa ma'anar cutarwa. Mutum zai iya ƙoshi, ba wanda ya taɓa lafiyarsa, amma ya yini a kan kujera ba wanda ya kira sunansa.

A wannan shekarar ta 1962 wata ma'aikaciyar jinya, Doreen Norton, tare da abokan aikinta biyu, ta fitar da binciken da ya shafi gyambon kwanciya. Kafin ita, nas-nas na shafa mai, suna murza fata, suna gwada magunguna iri-iri. Ta nuna cewa matsi ne ke kashe fata, idan ƙashi ya danne ta a kan katifa jini ya kasa ratsawa, kuma maganinsa shi ne a riƙa juya mai kwanciya a kai a kai, kamar duk bayan awa biyu. Ta kuma tsara ma'auni mai sauƙi da ke duba abu biyar: ƙarfin jiki, hankali, kai-komo, iya motsawa a gado, da riƙe fitsari da bayan gida. Wanda makinsa ya sauka zuwa 14 ko ƙasa yana cikin haɗari. Daga baya wasu ma'aunan suka biyo, na Judy Waterlow a 1985 da na Braden a Amurka a 1987. Muhimmancin wannan ya wuce batun fata. Tunda an san abin da ke kawo gyambon, an kuma san wanda zai iya kamuwa da shi tun kafin ya fito, to in ya fito akwai tambayar da wani zai amsa.

Ilimi ya samu, amma ƙofofi na nan a rufe. Wadda ta girgiza su ba likita ba ce. A 1965 Barbara Robb ta je duba wata tsohuwa da ta sani a asibitin Friern da ke arewacin Landan. Ta tarar da ita da sauran matan ɗakin an cire musu tabarau, an cire haƙoran roba da na'urar ji, an yi musu aski iri ɗaya, suna zaune ba abin yi. Haka tsarin yake, wai don kada kayan su ɓace ko wani ya ji ciwo. Mu tsaya mu yi tunanin abin da wannan ke haifarwa. Tsohuwar da ba ta gani ba za ta gane mai zuwa ba, wadda ba ta ji ba za ta amsa tambaya ba, wadda ba ta da haƙora ba za ta ci ta ƙoshi ba. Bayan wata uku sai a rubuta cewa hankalinta ya gushe, ta daina cin abinci. Robb ta kafa ƙungiya mai suna AEGIS, ta tattara shaidar ma'aikatan jinya da suka gaji da yin shiru, ta buga littafin Sans Everything a 1967. Ma'aikatar lafiya ta kafa kwamitocin bincike, suka dawo a 1968 suka ce yawancin zarge-zargen ba su da tushe, aka tozarta ma'aikatan da suka ba da shaida. Shekara guda bayan haka binciken da Geoffrey Howe ya jagoranta a asibitin Ely da ke Cardiff ya tabbatar da irin abubuwan da ake musantawa. Minista Richard Crossman ya kafa tawagar da za ta riƙa ziyartar asibitocin dogon zama a 1969, sannan a 1973 aka naɗa jami'in karɓar koke-koke kan harkar lafiya. Robb ta rasu a 1976, kuma an ɗauki lokaci kafin a ba ta matsayin da ta cancanta.

Labarin Amurka ta wata hanya ya biyo, hanyar kuɗi. Dokar tallafin tsofaffi ta 1935 ta hana a biya wanda ke zaune a gidan matalauta na gwamnati, da nufin a kashe waɗannan gidaje. Sun mutu kuwa, amma tsofaffin suka ɗauki kuɗinsu suka koma gidajen haya na masu zaman kansu, waɗanda a hankali suka rikiɗe suka zama gidajen jinya. Da Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan shirye-shiryen biyan kuɗin jinya na Medicare da Medicaid a 1965, kuɗin gwamnati ya kwararo, 'yan kasuwa suka yi ca, gadaje suka ninka cikin 'yan shekaru. Abin da ya fara jan hankalin hukuma shi ne gobara. Mutum 72 suka ƙone a wani gida a Warrenton ta jihar Missouri a 1957. Mutum 63 suka halaka a Fitchville ta jihar Ohio a Nuwamban 1963, washegarin kisan Shugaba Kennedy, labarin ya nutse a ƙarƙashin wancan. Saboda haka dokokin farko suka karkata ga gini: faɗin ƙofa, kayan kashe wuta, lasisi, takardu. Sufeto zai zo ya yi irin aikin duba-gari na da, ya leƙa kicin da makewayi, ya sa hannu ya tafi, bai ɗaga bargon kowa ba.

Shekarun 1970 su ne na tonon asiri. Sanata Frank Moss na Utah ya shafe shekaru yana zaman sauraron shaida, kwamitinsa ya fara fitar da jerin rahotanni a 1974 yana cewa manufar gwamnati ta gaza. A New York ɗan jarida John Hess ya bankaɗo harkallar masu gidajen jinya da ke cinye kuɗin Medicaid suna barin tsofaffi cikin ƙazanta. Daga wannan zamani abubuwa biyu suka fito waɗanda har yau ake cin moriyarsu. Na farko shi ne mai karɓar koken mazauna gida, wanda aka gwada a wasu jihohi a 1972, dokar 1978 ta wajabta wa kowace jiha. Mutum ne daga waje, sau da yawa ɗan sa-kai, mai izinin shiga gida ya zauna da tsoho ya ji ta bakinsa. Na biyu shi ne haɗakar ƙungiyoyin iyalai da masu fafutuka da Elma Holder ta kafa a 1975. A shekarar ce kuma wasu mazauna gidajen jinya a Colorado suka maka gwamnatin tarayya a kotu, kuma a 1984 kotun ɗaukaka ƙara ta yarda da su cewa duba gini da takarda bai wadatar ba, wajibi ne hukuma ta tabbatar da irin kulawar da mutum ke samu a zahiri.

Wani abin mamaki shi ne, yunƙurin sassauta dokoki ne ya haifi doka mafi ƙarfi. Gwamnatin Ronald Reagan ta so rage sa ido a 1982, Majalisa ta taka mata birki, aka yi sulhu a kan cewa Cibiyar Nazarin Likitanci ta ƙasa ta yi bincike. Rahotonta ya fito a 1986, kuma a Disamban 1987 Reagan da kansa ya sa hannu a kan dokar gyaran gidajen jinya. Dokar ta juya tambayar gaba ɗaya. Ta ce aikin gida shi ne ya kai kowane mazauni matuƙar lafiyar da zai iya kaiwa, ta jiki da ta hankali da ta mu'amala. Ta wajabta a auna halin kowa idan ya shigo, a riƙa sake aunawa, a rubuta masa tsarin kulawa na kansa. Ma'anar wannan ita ce, in mutum ya shigo yana tafiya bayan wata shida ya kasa, ko ya shigo da nauyinsa ya rame, gida ne zai yi bayanin cewa ba makawa ne. Ta kuma jera haƙƙoƙi: sirri, baƙi, kai ƙara ba tare da tsoron ramuwa ba, da 'yanci daga ɗauri.

Batun ɗauri ya cancanci mu daɗe a kansa, domin shi ne misali mafi bayyana na yadda cutarwa ke shigowa da rigar kulawa. A ƙarshen shekarun 1980, kusan kashi 40 cikin ɗari na mazauna gidajen jinya a Amurka ana ɗaure su da ɗamara ko wata riga ta musamman a jikin kujera ko gado. Masu ɗaurin ba mugaye ba ne, tsoro suke kada tsoho ya faɗi ya karye. Malaman jinya biyu na Jami'ar Pennsylvania, Lois Evans da Neville Strumpf, suka nuna cewa a Scotland da wuya ake ɗaure kowa, kuma tsofaffin can ba su fi na Amurka karyewa ba. Gidajen Kendal na mabiya ɗariƙar Quaker sun yi shekaru ba su ɗaure kowa ba. Bincike ya nuna wanda aka ɗaure ƙafafunsa na raunana, yana samun gyambo, yana firgita, wani ma ɗamarar ce ke shaƙe shi yayin da yake ƙoƙarin zamewa. A 1989 aka kai maganar gaban Majalisar Dattawa, dokar 1987 ta fara aiki a 1990, kuma cikin shekaru ashirin ɗauri ya koma abin da ba a cika gani ba. A maimakonsa aka sauke gadaje ƙasa-ƙasa, aka shimfiɗa katifa a gefe, aka fara tambayar dalilin da ya sa tsoho ke son tashi. Sau da yawa bayan gida yake nema, ko ƙishirwa, ko wani ciwo da ya kasa faɗa.

Sai dai inda aka kwance igiya, a wurare da yawa ƙwaya ta maye gurbinta. Ana ba masu gigin tsufa magungunan masu taɓin hankali don su yi laƙwas. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2005 cewa suna ƙara haɗarin mutuwa ga irin waɗannan tsofaffi. A Ingila rahoton Farfesa Sube Banerjee na 2009 ya ƙiyasta cewa mutum 180,000 ake bai wa, waɗanda ke amfana ba su wuce 36,000 ba, kuma magungunan na jawo ƙarin mutuwar kimanin 1,800 a shekara. Daga nan barcin rana da ya yi yawa, da dalalar miyau, da tafiya ana tangaɗi suka shiga jerin abubuwan da ake gaya wa iyali su lura da su. A gefe guda kuma tunanin Tom Kitwood na Jami'ar Bradford ya bazu, cewa ihun mai gigin tsufa ko ƙin wankansa saƙo ne da ya kamata a fassara. Likita Bill Thomas a jihar New York ya shigo da tsuntsaye da karnuka da shuke-shuke da yara cikin gidan da yake aiki a farkon shekarun 1990, saboda ya yi imani kaɗaici da zaman banza suna kisa kamar cuta.

Da shigowar ƙarni na 21 an san alamun, an rubuta dokokin, an kafa masu duba. Abin da ya rage shi ne wanda ya fi kowanne tsada. Juya mutum duk awa biyu, ba shi abinci cokali-cokali har ya ƙoshi, raka shi bayan gida kafin ya ɓata jikinsa, duk aikin hannu ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wani bincike da gwamnatin Amurka ta kammala a 2001 ya gano cewa in lokacin ma'aikata ya gaza kimanin awa 4.1 ga kowane mazauni a rana, gyambo da rama da cututtuka na ƙaruwa, kuma mafi yawan gidajen ƙasar ba su kai wannan ba. A Ingila kamfanin Southern Cross mai gidaje kusan 750 ya durƙushe a 2011 saboda nauyin kuɗin haya. A ɗaya daga cikin gidajensa, Orchid View da ke West Sussex, mai binciken musabbabin mutuwa ta yanke a 2013 cewa sakaci ya taimaka wajen mutuwar mutum biyar. Hukumar sa ido ta riga ta ba gidan shaidar nagarta, kuma wata ma'aikaciyar ofis ce ta tona asirin bayan an sa ta lalata takardun magani. Bayan shekara biyu Ingila ta mayar da sakaci da gangan daga ma'aikacin kulawa ko kamfaninsa laifin da ake ɗaure mutum a kansa.

Sauran labarin a gaban idonmu ya faru. Hukumar binciken da Ostareliya ta kafa a 2018 ta sa wa rahotonta na wucin gadi suna da kalma ɗaya, sakaci. Da korona ta zo a 2020 aka rufe ƙofofi, iyalai suka daina shiga, sai aka gane yawan aikin da suke yi ba a lissafa ba: su ne ke ba da ruwa, su ke lura da cewa Baba ya rame. Sojojin da aka tura gidajen tsofaffi a Sifen sun tarar da gawarwaki a kan gado, na Kanada kuma suka rubuta rahoto kan gidaje biyar a Ontario inda suka ga mutane cikin ƙazanta suna kiran taimako ba mai amsawa. A Faransa littafin ɗan jarida Victor Castanet na 2022 ya zargi kamfanin Orpea da ƙididdige abinci da kunzugu don riba, gwamnati ta shiga bincike.

Martanin ƙasashe ya bambanta. Ostareliya ta wajabta nas mai rajista dare da rana daga Yulin 2023, da matsakaicin minti 200 na kulawa ga kowane mazauni a rana daga Oktoban shekarar, aka ɗaga zuwa 215 a shekarar da ta biyo. Amurka ta kafa ƙa'idar awa 3.48 a 2024, masu gidaje suka kai ƙara, wani alƙali a Texas ya soke ta a 2025. Birtaniya kuwa waje ta nemo hannayen. A Fabrairun 2022 ta buɗe bizar masu kula da tsofaffi, dubban 'yan Najeriya suka tafi, har ƙasar ta shiga sahun gaba tare da Indiya da Zimbabwe, kafin a hana tafiya da iyali a 2024 a kuma rufe ɗaukar sababbi daga waje a 2025. Da yawa daga cikin waɗanda ke juya tsofaffin Ingila da tsakar dare a yau 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, kuma bizarsu a hannun mai gidan da suke wa aiki take. Wannan ya sa kai rahoton abin da suka gani ya fi musu haɗari fiye da yadda ya kasance ga ma'aikatan jinyar da suka ba Barbara Robb shaida, domin su aiki kawai suka yi kasadar rasawa, waɗannan kuwa har da izinin zama a ƙasar.